Bakina Ya Jawo Mana Ƙarin Haya

Yaya,

Na fita kafin ka dawo, don ban san da wane ido zan dube ka ba.

Ɗazu a bakin famfo mai gidan nan ya tare ni, ya ce, "Baƙo, yaushe ne tafiya?" Murna ta ɗebe ni, na ce ai na samu aiki a shagon walda, zama ya kama ni. Har da nuna masa sabuwar rigar aikin. Ya yi mini barka, sannan ya ce tunda ɗakin ya koma na mutum biyu, daga wata mai kamawa haya za ta ƙaru. Sai a lokacin na tuna ka rantse masa ganin likita kawai na zo.

Ya ce zai leƙo da yamma. Don Allah kada ka sake rantsuwa saboda ni. Ka ce masa na tashi, kuma gaskiya ce: mai shagon ya yarda in riƙa kwana a can, na ɗauki tabarmata.

Makullin yana ƙarƙashin buta. Ka rufa mini asiri, Yaya, ni kuwa na tona naka.

Ƙanenka