Rasuwar Kansilar Mazaɓa ta Huɗu, Madam Pauline Davou Jang

Cikin alhini da miƙa lamari ga Allah, Ƙungiyar 'Yan Arewacin Najeriya Mazauna Mazaɓa ta Huɗu, a nan jihar Maryland, ta sami labarin rasuwar 'yarta kuma wakiliyarta a majalisar gari, Mai Girma Kansila Madam Pauline Davou Jang, wadda ta rasu ranar Alhamis a asibiti bayan gajeriyar jinya. Ta bar mijinta, Dattijo Davou Jang, da 'ya'yansu Chuwang da Abby, da mahaifiyarta da ke Bukuru a jihar Filato.

Marigayiyar ta zo ƙasar nan a matsayin nas, ta kuma daɗe tana aiki a wani gidan kula da tsofaffi a Laurel ba tare da ta taɓa shiga siyasa ba. Abin da ya jawo ta shi ne shirin sake shata iyakokin mazaɓu, wanda da ya tabbata, da ya raba unguwarmu gida biyu, ƙuri'armu ta rasa nauyi a ko'ina. Ita ce ta riƙa bin gida gida bayan ta tashi daga aiki, da kayan asibiti a jikinta, tana yi wa iyaye bayani da Hausa, 'ya'yansu da Turanci, har jama'a suka cika zauren majalisa ranar sauraron ra'ayi, aka bar unguwar yadda take. A zaɓen da ya biyo baya ta tsaya takara, ta kara da wani ɗan wannan ƙungiya, Alhaji Injiniya Misbahu Ɗanliti. Ƙungiya ba ta ɗauki ɓangare ba, amma ba za ta ɓoye cewa 'ya'yanta sun rabu ba, kuma mafi yawan rabuwar ta bi addini ne. Madam Pauline ta ci da ƙaramar rata.

A wa'adinta na farko maganar masallaci ta zo gaban majalisa. Musulmin mazaɓa suna sallar Juma'a a wani tsohon sito da suka kama haya, maƙwabta kuma suka kai ƙorafi cewa motoci suna tare musu hanya, suka nemi a janye izinin wurin. Masu ƙorafin da yawansu su ne suka zaɓe ta, shugaban kwamitin masallacin kuwa shi ne Injiniya Misbahu da ta kayar. Ta jefa ƙuri'ar a bar izinin, sa'annan ta shawo kan dattawan majami'arta suka buɗe filin ajiye motocinsu ga masallata duk ranar Juma'a. Da aka tsare ta da tambaya a taron unguwa, amsarta ba ta da tsawo: "Ni kansilar Mazaɓa ta Huɗu ce, masallacin nan kuma a Mazaɓa ta Huɗu yake." Wannan mataki ya jawo mata faɗuwa a zaɓe na gaba. Ta koma aikin jinya, ba ta fasa zuwa zaman majalisa tana zama cikin 'yan kallo ba, har jama'a suka mayar da ita kan kujerar bayan wa'adi guda.

Ba kowane matsayi nata ƙungiya ta amince da shi ba. Mun saɓa da ita a fili kan sababbin gidajen haya da ta goyi bayan a gina a bakin layin dogo, kuma ba mace ce mai tausasa magana ba. Sai dai ba ta taɓa ƙin amsa kiranmu ba.

Tun daga ranar Juma'a ake tuntuɓar shugabanninmu kan wanda zai gaji kujerar. Ƙungiya ba ta da ɗan takara, ba ta kuma aiki kowa ya yi magana da yawunta ba. Muna roƙon masu wannan sha'awa da kada su kai ta gidan makoki. Za a yi jana'iza ranar Asabar a majami'arta da ke Upper Marlboro, kuma iyali sun ce ƙofa a buɗe take ga Musulmi da Kirista.

A madadin Shugabar Ƙungiya, Dakta Hajiya Umaima Sambo, da majalisar dattawa da ɗaukacin mambobi, muna miƙa ta'aziyya ga Dattijo Davou Jang da 'ya'yansa da dangi na nan da na gida. Allah Ya ba ta hutawa, Ya ba su ƙarfin zuciyar jure wannan rashi.

Ranar Talata mai zuwa majalisa za ta kaɗa ƙuri'a kan ƙudurinta na ƙarshe, na ƙara motar bas da asuba domin masu aikin sito da gadi da jinya. Dattijo Davou ya sanar da mu cewa zai halarta tare da 'ya'yansa, ko da yake ba a gama zaman makoki ba. Ƙungiya na kira ga mambobinta da kada su bar su su zauna a zauren su kaɗai.

Sa hannu:
Malam Munzali Haruna Kazaure
Sakataren Yaɗa Labarai
Ƙungiyar 'Yan Arewacin Najeriya Mazauna Mazaɓa ta Huɗu, Maryland