Yayata Ta Ga Matata Tana Ɗiga Magani a Ido Ranar Gaisuwar Ɗanmu

Malama, ina roƙon ki taimake ni da shawara, domin na kai inda karatuna ya kasa yi mini amfani. Ni malamin jami'a ne, kuma ban saba kai kukana gaban kowa ba.

Autanmu ya rasu a haɗarin mota cikin watannin baya. Tun daga asibiti har aka watse zaman gaisuwa, mahaifiyarsa ba ta zubar da ko ɗigon hawaye ba. Idanunta sun yi jajir, amma a bushe. Na ɗauka dauriya ce. Wata safiya, falo cike da masu gaisuwa, yayata ta shiga ɗakinmu neman tabarma, sai ta tarar da ita gaban madubi tana ɗiga wani ruwa a ido daga ƙaramar kwalba. Da matata ta fito kumatunta a jiƙe, Yaya ta gama yanke hukunci. Yanzu dangi kaf sun ji cewa matata hawayen kanti ta saya don ta yaudari jama'a.

Da jan idon ya ƙi ƙarewa, na kai ta wurin likita. Bayan gwaje-gwaje, likitar ta ce garkuwar jikinta ce ta juya tana yaƙar 'yan ƙullutayen da ke samar da hawaye da yawu. Ta ce ciwon ya fi kama mata nesa ba kusa ba, musamman wajen ɗaukewar al'ada, kuma masana na ganin sauyin sinadaran da ke bambanta jikin mace da na namiji yana da hannu a ciki. Na zauna a kujerar nan kamar an dasa ni. Ashe kwalbar ruwan shan da matata ba ta rabuwa da ita, da yadda take kora kowace loma da ruwa, duk alamu ne, a gaban idona, shekara da shekaru. A mota ta gaya mini cewa tana kuka kullum, ruwan ne kawai ba ya zuwa, kuma idon sai ya riƙa yi mata kamar an watsa yashi.

Ga inda gizo ke saƙa. Ta rantsar da ni kada in faɗa wa kowa, don ba ta son lamarin jikinta na mace ya zama abin hira a bakin dangin miji. Ta daina fitowa falo idan sun zo, har ta fara zancen komawa wurin ƙanwarta. Ni kuwa, Malama, hawayen nan ina da su. Nakan kulle ofis tsakanin darasi da darasi in yi mai isata, in wanke fuska in koma aji. A gida ban taɓa bari ta gani ba. Na rasa ɗa. Ba na son in rasa uwarsa. In karya alkawari in wanke ta, ko in yi shiru?

Uba mai juyayi

AMSA

Malam, Allah ya ji ƙan yaronku, ya ba ku haƙuri.

Kada ka karya alkawarin. Jikinta ne, sirrinta ne, kuma wadda aka riga aka yi wa ƙazafi ba ta bukatar a sake buɗe ta a gaban waɗanda suka yi mata. Sai dai shiru ma ba mafita ba ne. Tsakanin faɗin komai da rashin faɗin komai akwai hanya. Nemi izininta ka faɗi abu ɗaya tak: tana da ciwon ido da ke busar da hawaye, maganin kuma na ciwon ne. Sauran bayanin ba na kowa ba ne.

Yayarka ta yi kuskure babba, amma ita ma ɗa ta rasa, kuma abin da idonta ya gani ta fassara cikin zafin rai. Same ta ita kaɗai, ba a taro ba. Bakin da ya yaɗa maganar shi ya kamata ya janye ta, sannan ta zo ta ba matarka haƙuri.

Ku riƙe likitarku. Kada jin an ambaci sinadarai ya sa ku sayi wani magani da kanku, domin masana ma ba su gama gano bakin zaren ba. A duba haƙoranta kuma, bushewar baki tana lalata su.

Saura kai. Matarka tana zaune da mijin da take zaton idonsa ma a bushe yake, alhali naka na zuba a ofis, inda ba mai gani sai bango. Mai yiwuwa wannan kaɗaicin ne ke korar ta, fiye da bakin dangi. Ka dawo da kukan nan gida, Malam. Ka zauna kusa da ita ka yi shi, na ku biyu.

Allah ya ba ta lafiya, ya sanyaya zukatanku.