Sunan Da Ke Bayan Riga

Toranke

Suhaibu,

Ni ce uwarka Hure. Ummu Salma malamar Islamiyya ce take rubuta mini, ita za ta ɗauki hoton takardar a waya ta turo maka. Ta ce in yi magana a wayar ya fi sauƙi, na ce a'a, abin da za a riƙe a hannu nake so. Ina gaishe ka, ina gaida Adawiyya da yara. Muna lafiya, gyaɗa ta yi, gwiwa ce dai ta ƙi.

Saƙo ya iso hannun direban Ajingi. Riga ce ƙatuwa, ni da akuyata za mu shiga mu bar wuri. Sai wata 'yar tsana mai kaɗa kai kamar ƙadangare, wai jikana Mudassir ne. Har giɓi suka yi mata. Wa ya cire wa mijin nawa haƙori ba ku gaya mini ba?

An nuna mini aikin nasa a waya. Ƙarti sun ɗaura wuƙaƙe a ƙarƙashin takalmi suna zamiya a kan ƙanƙara, kowa da sanda, suna bin wani baƙin abu kamar murfin gwangwani. Can kuma sai dambe. Da ka ce yaron yana hoki a Kanada na ɗauka wani karatu ne. To, in halak ne kuma yana sallah, Allah ya tsare sauran haƙoran.

Abin da ya sa na sa a rubuto shi ne, na tambayi abin da aka rubuta a bayan rigar, sama da lambar. Ummu Salma ta karanta mini. Sunan ubanka ne. Na naɗe ta na sa a adaka kusa da rawaninsa. Me sunan Malam yake yi a bayan rigar wasa? Kuma waɗanne masu kamara ne direban ya ce za su zo gidana? Ka ba ni amsa a takarda.

Allah ya yi muku albarka.
Uwarka

*

Zuwa ga mahaifiyata abar girmamawa,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Iya, ki gafarce ni da ban fara yi miki bayani ba.

A ƙasar nan kowane yaro sunan ƙarshe na ubansa yake ɗauka, shi ya sa ake kiran jikanki Mudassir Bashir, kuma ƙa'ida ce a rubuta wa ɗan wasa sunan a baya. Yanzu in ya ci, duk filin ne yake ɗauka da sunan, mutanen da sun fi cikar kasuwar Gaya.

Kulob ɗin da yake yi wa wasa ba da wasa kaɗai yake ci ba. Fuskokin 'yan wasa yake sayarwa: riguna, 'yan tsana, tikitin shiga. Duk shekara suna zaɓar mutum ɗaya su ɗora tallarsu a kansa, bana shi suka zaɓa, domin ba su taɓa samun ɗan ƙasarmu ba. Hotonsa yana jikin bangon filin, ya fi tsayin rimi. Ni nake kula masa da wannan ɓangaren.

Abin da suke so kaɗan ne. Ki sa rigar, ki dubi kamara, ki kira sunan kamar yadda 'yan kallo suke kira. Za a nuna a babban allo ranar da aka ware masa. In ya yi kyau za su haƙa rijiyar burtsatse a unguwarmu. Na riga na ce musu kin yarda. Wani yaro Kabo zai zo daga Kano da abokin aikinsa.

Haƙorin kuma sanda ce, ba faɗa ba.

Ɗanki mai biyayya,
Suhaibu

*

Toranke

Suhaibu,

Ummu Salma ce dai. Na ce mata ta rubuta yadda na faɗa, kar ta sa masa zuma. Gaisuwa.

Baƙinka sun zo. Na shimfiɗa musu tabarma a ƙofar ɗakin simintin da ka gina, Kabon ya ce nan bai yi ba, ya yi kyau da yawa. Ya zagaya gidan sai da ya gano katangar da ta rushe wajen turken awaki, ya ce nan ne. Ya tattaro yaran maƙwabta ya ce su cire takalma. Na ce su mayar, iyayensu ne suka saya. Garin ja da baya ya taka mini kaskon suya ya fasa.

Duk wannan na haƙura. Har rigar da suka zo da ita na yafa a kafaɗa. Sai ya ce to in kira sunan.

Na ce, "Malam."

Ya ce ba shi ba, wanda ke bayan rigar. Na ce shi ne dai na faɗa. Ya ce, "Hajiya, kalma ɗaya ce fa." Na ce ban je Makka ba, kar ya ɗora mini. Na tambaye shi ko uwarsa tana kiran ubansa gatsal da sunansa. Ya ce ai har a waya da sunan ta ajiye shi. Na ce Allah ya ba ubansa haƙuri.

Suhaibu, a gidan nan ka tashi. Ka taɓa jin sunan nan a bakina? Tun ranar da aka kawo ni ban faɗe shi ba. Ban faɗe shi ba ranar da 'yan ƙidaya suka zo, Malam ya fito ya faɗa musu da kansa. Ban faɗe shi ba a asibitin Gaya da ma'aikaciya ta tsare ni da biro yana kwance yana nishi, sai ƙanensa na kira. Shi ne yanzu da yake cikin ƙasa zan tsaya gaban turken awaki in kwarma shi don a sayar da tikiti?

Saura ka ji. Kabo ya koma gefe ya yi waya, ya dawo ya ce wai ko wata tsohuwar ma ta isa, can ba wanda zai gane. Ka san Barira ta bayan gida, ba a taɓa yin taro ta ce tana da aiki ba. Kafin in ankara ta zura rigar, ta ɗaga hannu sama tana rangaɗa sunan ubanka har kaji suka watse. Ita me ya dame ta, ba mijinta ba ne. Da tsintsiya na raka su duka ukun har waje. Ta tafi da rigar a jikinta.

Da wa ya yi wayar? In da kai ne, to ka samu uwa, sai ka riƙa aiko mata da maganin gwiwa. Rijiyar kuma, ruwan da muka sha muka haife ku bai ƙare ba.

Hure

*

Iya,

Ina durƙusawa ina neman gafara. Da ni ya yi wayar. Lokaci ya ƙure mini, na tsorata, na ce ya gwada. Ba a yi amfani da na Barira ba.

Amma Iya, Allah ya juya abin. Ashe kamarar tana kunne tun farko. Masu tallar sun ga inda kika ce "Malam" kika ɗauke kai, an fassara musu, matar da take shugabantarsu har da hawaye. Sun ce wannan ya fi abin da suka nema. Yanzu ba sai kin faɗi komai ba. Za su nuna ƙin da kika yi, su buga sababbin riguna da MALAM a baya. Har tsintsiyar suna so su sa.

Takarda ce kawai za ki dangwala wa hannu, Kabo zai kawo. In kika ƙi, za su sauke hoton yaron su ɗora na wani, kuma ba a cika zaɓar mutum sau biyu ba. Ki duba shi, ba ni ba.

Ɗanki,
Suhaibu

*

Kaka,

Ni ne Mudassir. Hausata kaɗan ce, Mama tana gyara mini. Ina kwana, ina gajiya, ina gwiwa.

Na ga fim ɗin. Guda biyu ne. Na farko na wata tsohuwa ne, na ce wannan ba kakata ba ce. Na biyu naki ne, na yi dariya sosai, sannan na tambayi Mama me ya sa ba kya faɗa. Ta gaya mini. Ta ce ita ma ba ta faɗin na Baba, ni ban taɓa lura ba.

Na je ofis na ce ba za a nuna ba, ko kin dangwala ko ba ki dangwala ba. Sun yi fushi. Sun sauke hotona, yanzu na mai tsaron raga ne a bangon. Baba bai yi mini magana ba kwana da kwanaki. Ina wasa dai. Jiya na ci, sun kira sunan, na tuna ki.

In ƙanƙara ta narke zan zo.

Mijinki mai giɓi

*

Toranke

Mijina, kai da ubanka,

Ummu Salma ta karanta mini taka har sau biyu, na biyun ita ta ga dama. Lafiya lau muke. Bango ba wurin zaman mutum ba ne, ka gode da suka sauke ka. Su can su yi ta kira, bakinsu ne.

Kabo ya kawo takardar da tawada. Na ba shi fura, na mayar masa da abarsa fara tas. Da sunan suka zo saye, da suka rasa suka ce shirun ma a auna musu. Na ce babu na sayarwa a ciki.

Ga yadda abubuwa suke, kowa ya riƙe nasa. Kabo ina bin sa kaskon suya, na ƙasa, ba na ƙarfe ba. Barira ina bin ta rigar nan, jiya da ita ta je suna Kademi. Mutanenka na can kana bin su haƙori, kar ka yafe. Suhaibu, yaron nan yana bin ka magana, ka buɗe baki ka yi masa yau. Ubanka kuma yana bin ka ziyara, ka biyo yaron ku zo tare, ka tsaya a kan kabarin ka gaya masa abin da ka so yi da bakinka. Ni ana bina ƙuli-ƙuli, zan yi mai taushi saboda giɓi.

Shi kuwa mai sunan, tsakanina da shi babu bashi. Bai taɓa jin sa a bakina ba, kuma ban taɓa cewa Malam ya ƙi juyowa ba.

Ummu Salma, ajiye biron haka.

Hure