Mai Ɗanɗana Dilo

Dutsin Bage, ƙasar Kurfai

Zuwa ga yayana Manzo, a Yamai.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina gajiya, ina iyali? Inna na gaishe ka, ɗiyana Nafisa da Fiddausi ma haka.

Kar ka yi mamakin ganin takarda. Mutanen daji sun ƙone anten, babu rezo, salula ta zama abin wasan yara. Abdulgafar direban kamiyon kasuwa na ba ya kawo maka.

Yaya, bana ba mu yi noma ba. Masu babura sun ce duk wanda sunka gani da hauya cikin kwarin dallol, ya kuka da kansa. Muna bisa dutse muna hangen gawon gonar Baba, ba mu iya zuwa. Ruwa kaɗai sunka bar mata su sauka su ɗiba, kowa bido guda.

Ka tuna anza, wadda muke yi wa dariya muna yara? To ita ke riƙe da mu. Itaciyar nan da ke fitowa cikin tsagar dutse da fako, inda ko ƙarangiya ba ta tsiro, bana ta yi ɗiya sosai. Amma ka san wahalarta: a shanya, a sussuka, a jiƙa, a zubar da ruwan, a sake jiƙawa, sai ɗacin ya fita ta zama dilo. In anka ci bai kai ba, babba ya kwanta da murɗar ciki, yaro kuwa sai yadda Allah ya yi. Ga ruwa ya yi wuya, kowace mace na son tsamewa da wuri. Tsofaffin da sunka san abin tun yunwar da duk sun rasu, saura Inna. Ita kaɗai ke tauna ƙwara ta ce “ya yi” ko “mai da shi ruwa”. Kullum ƙoren mata jere a ƙofar ɗakinta.

Ka yi mana addu'a. Taka ƙanwa, Habsatu.

Yamai

Zuwa ga ƙanwata Habsatu.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina fatan wannan ta same ku lafiya. Ki durƙusa ki gaishe mini da Inna.

Na karanta takardarki, abinci ya gagare ni. Ba zan bar uwata tana cin anza ina raye ba. Na sami labari sojojin da ke raka motoci za su yi tafiya ɗaya ta ƙarshe, daga nan a rufe hanyarku, ba a san ranar buɗewa ba. Na yi magana da Abdulgafar, zai ɗauko ku ku huɗu har Baleyara, ni zan tarye ku a can. Na share muku ɗaki. Mijinki yana Abijan, ba zai ce a'a ba.

Kada ku ɗauko kaya masu nauyi, kuma kada ki ba Inna damar gardama.

Allah ya tsare. Yayanki, Manzo.

Dutsin Bage

Yaya Manzo, sallama da gaisuwa.

Wai kar in ba ta damar gardama! Kai ma ka san uwarka. Na karanta mata takardarka, ta ce, “In na tafi, wa zai tauna wa yaran mutane?” Na ce, “Inna, ke kaɗai Allah ya yi wa harshe?” Ta ce, “Ki kawo wata in gani.”

Ranar nan na yi kuka don haushi. Wallahi na gaji, Yaya. Na gaji da dutsen nan, gabas babura, yamma babura, in na sauka rijiya gabana na faɗuwa har in hau. Ina son ɗiyana su koma karatu lakkwal. Ba ni iya barin ta, ba ni iya jan ta.

Sai na yi dabara. Na sa ta yi alkawari, in wata ta iya, za ta shiga mota. Na tara mata Salma maƙwabciyarmu da A'isa matar liman da wasu. Kai, da ka ga faɗa! Ta ce magi da sukari sun kashe musu baki. Su dai in ba su ji ɗaci a kan harshe ba, sai su ce ya yi. Ashe ba nan yake ba. Sai ka tauna ka tofar, ka yi shiru, can baya cikin maƙoshi wani abu ke kama ka, ɗan kaɗan. Ni ina gefe ina tauna don in ƙarfafa musu gwiwa, sai na ce, “Wannan da saura.” Inna ta dube ni ta daɗe. Ta miƙo mini wata ƙwarya, na faɗa daidai. Ta miƙo wata, haka.

Ka ga ƙanwarka! Yanzu ni ke taya ta koya wa Salma. In Salma ta kama kafin mota ta zo, shi ke nan.

A gaida matarka. Habsatu.

Yamai

Habsatu, gaisuwa a gaggauce.

Takardarki ba ta faranta mini rai ba, ta tsorata ni. Kina murna, ba ki ga inda kike sa ƙafa ba. Ki daina taunawa a gaban mata. In an tambaye ki, ki ce dace ne kawai. Ina roƙonki don Allah, don 'ya'yanki.

Mota na tasowa ran Asabar. Ku huɗu nake jira.

Yayanki, Manzo.

Dutsin Bage

Yaya, assalamu alaikum.

Takardarka ta iske an riga an san na iya. Inna ta ce wa dilon A'isa ya yi, autan A'isar ya ci, ya kwana biyu yana amai. Ya tashi, alhamdu lillahi. Na tsare Inna, ta ce mini harshenta ya daɗe da mutuwa, ɗaci ya cinye shi. Fuskata take kallo in na tauna, sannan ta yanke magana. Ranar da A'isa ta kawo ƙwaryarta ina rijiya.

Salma ba ta kama ba. Yau ƙoren a ƙofata suke.

Inna ta cika alkawari, tana cikin mota da yaran. Kar ka tsaya nemana cikin masu sauka. Inna ba ta jin daɗin komi yanzu, in ba a zauna kanta ba, ba ta ci. Nafisa ta gane. Fiddausi na tsammanin ina biyo motar gaba. Kar ka faɗa mata babu motar gaba, bari ta saba da gidan tukuna.

Ka yafe mini. Taka ƙanwa, Habsatu.