Kaset ɗin Malam da tsohon Bukhara

Yaya Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki da yara. Yaya ƙafar Inna? Mu nan unguwar Hindawiyya a ƙasa mai tsarki sai godiya, shekaranjiya na fita takaba.

Yaya, Sani ƙanen marigayi Malam ya ci amanata. Kin tuna tsohon nan ɗan Bukhara mai gasa gurasa, wanda Malam ya daɗe yana yi wa aiki? Bayan la'asar yakan ɗauko dutar, molonsu mai tsirkiya biyu, yana rera waƙoƙin ƙasar da ya baro, Malam yana amsa masa da harshensu. Sau ɗaya tak suka ɗauka a kaset. Da zan shiga takaba na ba Sani ajiya, don kada zuciya ta ja ni in saurara. Jiya na tambaye shi, ya ce, "Halas, shi ke nan, ai na ɗauki gaisuwar gida a kai, alhazai sun tafi da shi. Kiɗa ne fa kawai."

Kaset ɗin da aka kawo muku, shi ne. Don Allah ki juya ɗaya gefen ki saurara har ƙarshe. Ko tarin Malam kika ji, ki aiko mini.

Ki sa ni a addu'a, ki gaida Inna.

Ƙanwarki,
Rabi