Matata Ta Wanke Mini Sautin Jita

Assalamu alaikum Gwaggo Hasanatu. Don Allah ki taimake ni, kuma ina roƙon ki karanta har ƙarshe kafin ki yi dariya, domin duk wanda na kai wa kukana tun a tsakiya yake fara ƙyaƙyatawa, ni kuwa zaman gidana ne yake neman lalacewa.

Ni ɗalibi ne a nan Kuala Lumpur, ina digiri na uku a fannin injiniya. Muna zaune da matata a wani dogon bene a unguwar Danau Kota. Zan kira ta Ulfa, ko da yake ba sunanta ke nan ba. Bayan karatu ina kaɗa jitar bes. In ba ki san ta ba, ita ce doguwar jitar nan mai tsirkiya huɗu na ƙarfe masu kauri, wadda ba ta cika ihu ba, sai dai ki ji ta a ƙirjinki tana dum-dum a ƙarƙashin sauran kayan kiɗa. Kafin korona muna da 'yar ƙungiya, muna yi wa 'yan Afirka kiɗa a biki da walimar gama karatu. Shugabanmu Sirajo ne, shi ke danna kibod.

Jitar nan a kasuwar Chow Kit na same ta, a hannun wani dattijo ɗan ƙasar da ya daina kiɗa saboda ciwon yatsu. Ya rantse mini tun yana saurayi bai taɓa canja mata tsirkiya ba. Gwaggo, a nan maganar take. Sabuwar tsirkiya ƙara kawai take yi, ba ta da kunya. Sai ta sha gumi, ta sha maiƙon hannu, dauɗa ta cika 'yan ramukanta, sannan muryarta take kwantawa ta yi taushi ta yi nauyi. Tawa ta sha gumin dattijon nan na tsawon rayuwarsa, ni kuma na ɗora nawa, haɗe da man roti, wata wainar fulawa da muke ci a shagon mamak, wato gidan abincin Indiyawa Musulmi, kafin mu hau dandamali. In na taɓa ta, sautin yakan fito kamar tuwon shinkafa mai zafi, lukwi, babu gudaji. Na san masu bes da suka sayi amfilifaya mai girman firji da na'urori iri-iri na takawa da ƙafa suna neman irin wannan sauti, ba su samu ba.

Sai aka sa dokar kulle. Biki ya tsaya, ƙungiya ta watse kowa ya shige ɗakinsa, ni ma na koma kiɗa da abin kunne don kada maƙwabta su kai ƙara. Ita kuma Ulfa, tun da mahaifinta ya rasu a Kano a farkon annobar, aka rufe filin jirgi ba ta samu zuwa ba, ta waya ta karɓi gaisuwa, sai ta kama wanke-wanke. Tana wanke makulli, tana wanke albasa, tana wanke ledar burodi. Na taɓa samun ta tana cuɗa kankana da sabulu. Na ce a raina abu ne da zai wuce.

Ranar da abin ya faru na fita kedai, wato kanti, sayen ƙwai da shinkafa, tunda mutum ɗaya aka yarda ya fita daga kowane gida. Layin ya yi tsawo. Da na dawo, na tarar da jitata kwance a kan tabarma tana ƙyalli, Ulfa na tsaye a kanta tana murmushi. Ashe ta duba a intanet yadda ake kwance tsirkiya, ta kwance su duka, ta tafasa su a tukunya da omo, ta goge da tsohon buroshin haƙori, ta fesa sanitaiza, ta mayar da su. Har saita su ta yi da manhajar waya, kuma gaskiya ta saita daidai. Ta nuna mini ruwan a bokiti, baƙi ƙirin, tana alfahari, wai in dubi abin da nake runguma kullum. Kafin bakina ya buɗe ta juye shi a masai ta danna ruwa. Na tambaye ta ko akwai ragowa a tukunyar, ta ce ta wanke tukunyar ma.

Na jona jitar na taɓa. Gwaggo, kamar an watsa cokula a kan tire. Na zauna a ƙasa.

Muna da guruf na masu bes a WhatsApp, daga ƙasashe daban-daban, na kai musu labari. Wasu sun yi mini jaje na gaske. Wani ɗan Ghana ya ce in shafa man soyayyar kaza. Wani ya ce gumi kaɗai ne magani, kuma sai gumin wahala, ban da na zafin gari. Wani ya ce in sayi sababbin tsirkiyoyi masu santsi waɗanda tun daga kamfani muryarsu a kwance take, aka cire shi daga guruf. Wani kuma ya ce sauti a yatsa yake, ba a ƙarfe ba, wannan magana ta raba guruf ɗin gida biyu, har yanzu ba sa gaisawa.

Na fara da gumi. Nakan sa rigar sanyi da takunkumi in yi ta hawa da sauka a matakalar benenmu, in dawo in matse singileti a kan tsirkiya. Maigadi ya tare ni ina haki, ya auna mini zafin jiki a goshi, saura kaɗan ya kira motar asibiti. Na koma cin nasi lemak, shinkafarsu mai madarar kwakwa, da hannu, in tashi in kama jita ban wanke hannun ba. Nan rigima ta fara, domin Ulfa ta ce a cikin annoba ni kaɗai ne mutumin da ya yi niyya ya daina wanke hannu. Na yi mata bayani cewa hannun dama ne kawai, kuma na ɗan lokaci ne, ba ta saurare ni ba. Daga nan na ɗebi man shanun da aka aiko mata daga gida tun kafin kulle, wanda take ɗan lakata ranar Juma'a kawai. Ban ɗebi da yawa ba, kamar rabin kwalbar. Sautin ya ɗan motsa, wallahi na ji alamar dawowarsa, sai tururuwa suka gano wurin. Layi suke yi daga bayan kujera har wuyan jitar. In na bugi babbar tsirkiya sai su zubo kamar an kaɗa bishiya, in na daina su sake hawa. Ina taro da malamina ta Zoom, ya tambaye ni me ke tafiya a kan gemuna.

A cikin wannan faɗa ne ta faɗi maganar da ta fi wankin ciwo. Ta ce duk bukukuwan da ta bi ni, ba ta taɓa jin jitata ba ko sau ɗaya. Wai ta ɗauka dum-dum ɗin daga kibod ɗin Sirajo yake fitowa, ni kuma tafi take yi mini saboda na iya tsayuwa ina gyaɗa kai. Na kira Sirajo don ya zama shaida, na tura masa sautin da da na yanzu. Ya ce shi a wayarsa duk ɗaya ne, kuma ya samo mana aikin naɗar waƙa don wani ɗaurin aure da za a yi ta Zoom, in ban turo nawa kason ba, shi zai buga bes ɗin da hannunsa na hagu a kan kibod, babu wanda zai gane. Na ce ba zan naɗi komai da muryar cokula ba.

Yanzu ga inda muke. Mai soya roti a shagon mamak na ƙasan benenmu, wanda nake zuwa tapau wurinsa, wato sayen abinci in taho da shi gida, ya ce boleh, ma'ana ba matsala, zai rataye mini tsirkiyoyin a saman kaskonsa su sha hayaƙi da maiƙo har a buɗe gari. Ulfa ta ce ranar da suka dawo gidan nan, ranar za ta tafi wurin ƙawarta Bilqis a unguwar Wangsa Maju, ko da shingen 'yan sanda ko babu. Ina kwana a falo. Daga falo zuwa ɗaki saƙon waya muke turawa. Abinci ma da cokali take ajiye mini, ta tsaya sai ta ga na ɗauka.

Gwaggo, ina son matata. Amma ba ta ce in yi haƙuri ba har yau, cewa take na gode ya kamata in ce. Shin in kai tsirkiyar wurin mamak in jure abin da zai biyo baya, ko in haƙura in zama mai tsayuwa yana gyaɗa kai? Kuma waye ya kamata ya fara ba wani haƙuri?

Naki,
Mai Bes Cikin Jimami, Danau Kota

*

Wa alaikumus salam, ɗana.

Na karanta har ƙarshe kamar yadda ka roƙa, amma ba zan ɓoye maka ba, wurin tururuwa sai da na ajiye na sha ruwa.

Bari in fara da abin da kake da gaskiya a kai. Ban san bes ba, amma na san tanda. Ina da wadda na gada wurin Innata, baƙa wuluk, waina ba ta taɓa kamawa a cikinta. Wata 'yar ƙanwata ta zo hutu, ta ga ta yi datti, ta kankare mini ita da soson ƙarfe har ta yi fari, ta kawo tana jiran yabo. Kuka na yi a bayan gida. Saboda haka ba zan ce maka asararka ba asara ba ce. Kayan aikin mutum ba a taɓa shi sai da izininsa, kuma Ulfa ta yi kuskure da ba ta tambaye ka ba. Kana da damar ka gaya mata haka, sau ɗaya, cikin natsuwa. Amma ka san yadda tandar ta dawo? Ban rataye ta a shagon kowa ba, ban yi mata tsere a matakala ba. Waina na ci gaba da soyawa, na farko suka kama, na gaba suka yi dama-dama, har ta koma yadda take.

Yanzu abin da ka yi sakaci a kai. Ka ba ni labarin dattijon Chow Kit da tsawo, ka ba ni labarin guruf da tsawo, rasuwar surukinka kuwa ka wuce ta a layi guda. Yarinyar nan ta rasa uba tana ƙasar wasu, ba ta ga gawarsa ba, ba ta zauna cikin 'yan'uwanta an yi kuka tare ba. Abin da ya rage a hannunta shi ne ta hana ciwon nan shigowa inda kai kake. Shi ya sa take cuɗa kankana. Da ta tafasa tsirkiyarka, mijinta take karewa. Kai kuma ka amsa mata da daina wanke hannu, sannan ka shafe man shanun gidansu, wanda ƙila shi ne ƙamshin gida na ƙarshe da ya rage mata, a jikin ƙarfe. Ka auna da kanka ka ga wa ya fi bin wani haƙuri. Kai za ka fara.

Ga abin da za ka yi. Ka gode wa mai roti, ka ce ka fasa. Abincin mutane yake soyawa, bai kamata ƙarfe mai tururuwa ya yi lilo a kansa ba. Ka goge man shanun nan tas kafin tururuwa su shiga cikin wayoyin jitar su lalata ta gaba ɗaya. Ka wanke hannuwanka, duka biyun. Ku yi yarjejeniya da Ulfa: ita ba za ta ƙara taɓa jita ba, kai kuma ba za ka ƙara kawo mata abin tsoro cikin gida ba. Aikin Sirajo ka naɗa ka tura, ko da muryar cokula ce. Amarya da ango ba sautin da ya ɓata suke jira ba, waƙarsu suke jira, kuma makaɗin da ya ƙi kiɗa sai komai ya yi daidai, hannun hagun wani ne yake gadar kujerarsa.

Maganar cewa ba ta taɓa jin ka ba, na san ta yi zafi, amma ina ganin ba raini ba ne, ba a taɓa nuna mata ba ne. Ni ma da ka ce a ƙirji ake jin abin, sai yanzu na gane abin da ke sa ƙafata motsi a wurin biki. Bayan kun shirya, ka zaunar da ita, ka kunna mata waƙarku babu bes, sannan ka shiga da taka tana kallon yatsunka. Ba za ka buƙaci shaida ba bayan wannan.

Guruf ɗin kuwa ka ɗan huta da shi. Mutanen da kulle ya hana kiɗa, shawara kawai ta rage musu, kuma babu ɗayansu da zai kwana a falo a madadinka.

Kada ka fara da maganar jita. Ka je ka zauna kusa da ita, ka ce ta ba ka labarin mahaifinta, ka yi shiru ka saurara, in ta yi kuka ka bar ta ta yi. Daga nan ku kira mahaifiyarta tare. Allah ya jiƙan surukinka, ya yaye mana wannan annoba, ya ba ka sa'ar karatu, ya sanya albarka da dariya a zamanku.

Gwaggo Hasanatu