Rijiyar Baba Agali ba ta da ruwa, ni na zuba wanda kuka gani

Zuwa ga mai girma shugaban masu binciken haɗa bayanan rijiyoyi na yankin Arlit.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka, ina yi maka sannu da zafin rana da wannan fari da Allah Ya jarrabe mu da shi.

Ranka ya daɗe, sunana Sallau, ɗan kabu-kabu ne ni a tashar bakin kasuwa. In ka tambaya ba a gane ba, ka ce Sallau Tsokana, ko yaron goye zai nuna maka babur ɗina. Ban yi boko ba, allo na yi. Da ajami na rubuta wannan takarda, wani abokina ya juya ta zuwa boko, na kuma sa ya karanta mini sau biyu don kada ya gyara mini hali. Na buɗe ta ga kowa saboda na zo buronku, wato ofishinku, sau uku ban samu ganinka ba, kuma abin da zan faɗa gara duk gari ya ji.

Na ɗaya. Aikinku ya burge ni, kuma ba tsokana nake ba. Da can, masu kula da dabbobi da littafinsu na rijiyoyi, ofishin magajin gari da nasa, masu agaji da nasu, ba wanda ya san abin da ke cikin na wani. Ku kuka zo kuka ce kowane hoto da kowace takarda a manna musu ɗan bayani: wace rijiya ce, a ina take, zurfinta nawa, da ruwa ko babu. Da wannan ɗan bayanin kwamfuta ke gane cewa takardar wancan ofis da hoton wannan ofis maganar rijiya ɗaya suke yi, sai ta haɗa su. Ranar da aka nuna mini, na ce a kira famfon unguwarmu. Kafin in rufe baki ga shi ya fito, har da karyayyen hannunsa. Wallahi sai da na miƙe tsaye. Na yini ina ba fasinjoji labari, har wata tsohuwa ta ce in kalli hanya in bar kwamfuta. Abin ya tuna mini da Alƙur'anin malaminmu na rubutun hannu, wanda ba a ɗinke ba. A ƙasan kowace takarda an rubuta kalmar da ta fara ta gaba, ko iska ta watsa su za ka mayar da kowace wurinta. Na ce ashe masu boko ma sun gano wannan dabara, barka da zuwa.

Na biyu. Ga abin da na aikata. Kafin azumi, ma'aikacinku Mushe Bubakar, yadda masu Faransanci ke cewa Malam Bubakar, ya ɗauke ni in kai shi rijiyoyin da ke wajen gari, domin motarku ba ta fita sai da rakiyar soja, ni kuwa na san ƙananan hanyoyi. Mutumin kirki ne, sai dai cika baki. Tun daga tasha yake ce mini, "Sallau, wannan na'ura ba a yi mata ƙarya." Ya faɗa a hanya, ya sake faɗa da muka tsaya shan shayi. Ranka ya daɗe, duk wanda ya san ni ya san bai kamata a faɗa mini irin wannan magana sau uku ba.

Rijiya ta ƙarshe ita ce ta Baba Agali. Ba'abzine ne, abokin mahaifina. Tare suka yi aikin ma'adini, tare aka sallame su da kasuwar ta faɗi. Mahaifina ya rasu, shi kuma ya koma daji wurin awakinsa, shi da wasu gidaje na danginsa. Rijiyarsu ta ƙafe tun sanyi, ko taɓo babu. Saboda haka in zan je nakan ɗaura masa bidon biyu na ruwa, wato jarka, a bayan babur. Ranar mun tarar ya tafi neman ciyawa. Mushe Bubakar ya koma gefe yana ɗaga wata 'yar na'ura sama don ta gane inda muke. Ni kuwa na sauke bidon ɗaya na juye a kwamin da dabbobi ke sha, na jiƙa guga da igiya. Awaki suka ji ƙanshin ruwa suka rugo. Yana juyowa ya ga awaki sun dafe kwami, ya ɗauki hoto, ya ce, "Wannan da ruwa ke nan?" Na ce, "Mushe, ai ka gani da idonka." Ya rubuta.

Niyyata in bari sai ya shigar da abin cikin kwamfuta, sannan in kira shi tasha gaban abokaina in ce to, ga na'urar da ba a yi wa ƙarya. Na riga na shirya yadda zan kwaikwayi muryarsa. Kwana biyu da dawowarmu aka ce an mayar da shi Yamai cikin ayarin motoci. Dariyar ta tafi da shi, ni kuma na manta.

Na uku. Aikinku ya yi kyau har ya wuce inda nake so. Da fari ya tsananta, masu agaji suka fara aika siterni, babbar motar ruwa, zuwa zangon makiyaya. Ba su tsaya yin nasu lissafin ba, naku suka ɗauka, tunda don haka kuka haɗa shi. Duk rijiyar da aka rubuta mata babu ruwa, mota na zuwa. Wadda aka rubuta mata da ruwa, mota na wucewa. Ƙaryar da na yi wa mutum ɗaya ta shiga ofis uku a rana guda. Yau sati biyar ke nan siterni na wuce mararrabar Baba Agali, suna hango ƙurarta.

Baba Agali ya hau jaki ya zo gari ya tare direban. Direba ya ce, "Baba, ba ni na hana ka ba, ga takardarka," ya nuna masa hoton. Tsohon ya ga awakinsa suna shan ruwa. Ya kuma ga wani abu a gefen hoton: bidon ruwan ɗorawa da jan ƙyalle ɗaure a hannunsa. Daga nan tasha ya nufo. Ina cikin ba da labari ana dariya ya tsaya a gabana ya ce, "Ɗan Mamman, wannan bidon ɗinka ne?" Na ce nawa ne. Ya dube ni ya ce, "Ruwan ya yi daɗi ranar. Awaki na gaishe ka, waɗanda suka rage." Ya ja jakinsa. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Tun ranar nake kai musu bidon biyu duk bayan kwana ɗaya, in sojoji sun bar hanya a buɗe. In an ce an ji harbi ko ana zargin nakiya, a rufe, sai mata su kora jakuna zuwa wata rijiya, su fita da safe su dawo la'asar. Bidon biyu ba ya shayar da zango. Akwai mai jego a cikinsu.

Na huɗu. Nawa laifin na faɗa, saura naku, kuma a yi mini haƙuri. Zuwana na farko buronku, gardin ƙofa ya hana ni shiga. Ba na ganin laifinsa sosai, domin na taɓa ce masa kana kiransa da gaggawa alhali kana Agadas. Ya ce, "Sallau, yau kuma wa ke kirana?" Na rantse masa, ya ce rantsuwar ma ya san ta. Zuwa na biyu na samu shiga. Madam da ke gaban kwamfuta ta saurare ni da mutunci, sannan ta ce bayanin tabbatacce ne tunda da hoto, kuma wanda ya shigar da shi kaɗai ke da ikon canzawa. Wanda ya shigar yana Yamai, wayarsa ba ta shiga. Na ce ni na zuba ruwan da hannuna. Ta ce ba a ba ta gurbin rubuta wannan ba.

Zuwa na uku na roƙe ta abu ɗaya: ta nuna mini inda aka rubuta wanda ya ce akwai ruwa. Ta duba sama ta duba ƙasa. Akwai gurbin suna, akwai na zurfi, akwai na irin igiyar da ake ja da ita. Gurbin wanda ya faɗa, babu. Ranar da aka ɗauki hoton ma tana can ciki a ɓoye, ba ta fitowa a takardar da ake ba direba.

Ranka ya daɗe, a nan na yi mamakinku. A makarantar allo, in ka kawo wa malam labari, kafin ya ce komai sai ya tambaye ka wa ya faɗa maka, shi kuma a ina ya ji, kuma yaushe. In ka ce wane ne, ya san wane, sai ya auna maganar da mai ita. Ku da kuka yi karatu mai zurfi kun tambayi rijiya komai, kun bar wannan. Da an rubuta a ƙasan hoton cewa Sallau ne ya faɗa, wallahi ko gardinku zai ce a tura wani ya leƙa. Direban siterni ma ya san ni, na taɓa ɓoye masa takalmi a masallaci. Sunana kaɗai da ya isa ya kai wa Baba Agali ruwa.

Kuma ko ba ni ba, rijiya ba dutse ba ce. Wadda ke da ruwa kafin azumi tana iya ƙafewa kafin salla. Na san guda biyu a hanyar da nake bi da suka yi haka ba tare da kowa ya yi wa kowa tsokana ba, kuma ina kyautata zaton su ma mota na wuce su.

Ga abin da nake roƙo.

Da farko, a gyara bayanin rijiyar Baba Agali, a sanar da masu siterni kafin fitarta ta gaba. Wannan shi ne na gaggawa, sauran na iya jira, shi ba zai iya ba.

Sannan a ƙara gurbi a kowane bayani: wa ya faɗa, yaushe ya faɗa, kuma wa ya shaida cikin masu shan ruwan rijiyar. A sa ya fito ɓaro-ɓaro a takardar direba. Tun da na yi wannan tunani na kasa zama wuri ɗaya, domin in an yi haka, ni kaina ba zan iya yi wa na'urar ƙarya ba, kuma maganar Mushe Bubakar ta zama gaskiya.

A kuma ba Madam ikon karɓar gyara daga bakin mutane, ko da za ta rubuta cewa ba a tabbatar ba tukuna. Makiyayi ba zai je Yamai neman wanda ya ɗauki hoton rijiyarsa ba.

Kada a taɓa Mushe Bubakar. Abin da ya gani ya rubuta. In akwai hukunci, ga ni a tasha daga safe har magariba.

In kuna neman wanda zai kai ma'aikaci ya sake duba rijiyoyin nan, ga babur ga ni, ba na son komai. Na yi alkawari bidon zai zauna a ɗaure har mu dawo, kuma ma'aikacin ya leƙa rijiya da kansa, kada ya tambaye ni.

Allah Ya ƙara maka lafiya da basira, Ya sa wannan aiki ya amfani na gari da na daji. Allah Ya kwantar da wannan fitina, Ya buɗe hanyoyi, Ya ba mu damina mai albarka. Ni kuma Allah Ya shirye ni, na san gardinku zai fi kowa ɗaga murya wurin amin.

Ranar da aka buɗe sabon gurbin, ina roƙon a fara da rijiyar tamu. A rubuta: babu ruwa. Wanda ya faɗa, Sallau. Na san da an ga sunan za a yi shakka, saboda haka a ƙara a ƙasa: Baba Agali ya shaida. Yana nan gari har jibi, a rumfar masu sayar da igiya, da jakinsa da bidon huɗu babu komai a ciki.

Wassalam.

Naka mai girmama ka,
Sallau ɗan kabu-kabu, tashar bakin kasuwa, Arlit.